A Sa Tsohuwar Zango a Cikin Wasan Likitoci

Zuwa ga Shugaban Sashen Horar da Sababbin Likitoci,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni matar ɗaya daga cikin ƙananan likitocinku ce, muna zaune a Nima, cikin zango, wato unguwar Hausawa. Kukana a kan wasan nan ne da kuka sa musu a waya, inda majinyacin bogi ke fitowa, likita ya zaɓi abin da zai faɗa masa, a ba shi maki.

Sai na fara da godiya. Ni ma'abociyar littattafan soyayya ce, tun ina budurwa nake mafarkin mijin da zai dubi idona ya tambayi abin da ke raina. Allah ya ba ni wanda hirarsa ba ta wuce ko akwai sauran abinci. Da ya fara wasanku sai ya zaunar da ni, ya riƙe hannuna, ya ce in faɗi damuwata, yana saurare. Na shiga ɗaki na yi kukan daɗi. Daga baya na ji yana faɗa wa mai gyaran famfo haka, amma na yafe.

Ga abin da ban yafe ba.

Na ɗaya: ƙafafun mahaifiyata, Mma, sun kumbura, na kai shi gidanmu a unguwar Maamobi ya duba ta. Wasanku yana ba da maki idan likita ya kira majinyaci da sunansa, ya kalle shi ido cikin ido. Ranka ya daɗe, surukarsa ce fa! Ya jawo kujera dab da ita, ya ƙura mata ido, ya kira sunanta na yanka, wanda ni da ta haifa ban taɓa furtawa ba. Mma ta ja mayafi ta juya ta fuskanci bango.

Na biyu: ya tambaye ta jiki, ta ce da sauƙi. Majinyatan wayarku da an tambaye su sai su zayyana komai. Tsohuwar zango kuwa, ko ranga-ranga aka ɗauko ta, da sauƙi za ta ce. Sai an tambayi gida da jikoki da kasuwa, an zagayo an sake tambaya, sannan ta ce ƙafar nan ce ke ɗan taɓa ta. Shi kuwa ya ce madalla, ya ɗauki jakarsa.

Yanzu Mma ta ƙi shi, ta ƙi asibiti, wai idan surukinta da ya san gidanmu ya koma haka, ina ga sauran. Takalminta kuma ya daina shiga.

Roƙona ku sa tsohuwar zango a wasan, wadda za a zabge wa likita maki idan ya kalle ta ko ya yarda da amsarta ta farko. Zan rubuta muku ita kyauta, na karanta littattafan da suka isa. Riƙe hannun nan kuma kada ku cire, ku dai rubuta cewa na matansu na aure ne.

Kafin nan, ni ce wasan a gida. Ina yafa mayafi in fuskanci bango, shi kuma ya durƙusa daga bakin ƙofa. Jiya har ya kai ga tambayar jikoki kafin ya ɗago kai. Ranar Juma'a za mu koma Maamobi, ku taya mu da addu'a.

Allah ya ƙara maka girma, ya haɗa ka da likita mai kunya ranar da ka tsufa.

Wassalam.
Matar Dokta, Nima.