Lambar da Ke Ƙarƙashin Fenti

Asabar, 4 ga Mayu
Na yi ɓarna. Na aro injin kankare fenti wurin abokina Delbert don in cire tsohon fentin jif ɗita, motar soja ta 1943, da wuri. Kafin in ankara na cinye gefen hagu na bonet har ƙarfe yana walƙiya. Fentin manomi, jan fentin 'yan kwana-kwana, da na soja da ke can ƙasa, duk sun koma ƙura a gashin bakina. Launin da na daɗe ina nema, yau na shaƙe shi ta hanci.

Saura gefen dama. Gasar tsofaffin motocin yaƙi ta jiharmu 22 ga Yuni ce. Uwargida Verna ta maimaita sharaɗinta: "Ko kofi, ko ka sayar. Motata ta gaji da kwana cikin ƙanƙara, naka tarkacen yana gareji."

Lahadi, 5 ga Mayu
Corinne ta zo cin abinci. 'Yata ke nan mai shagon gyaran farce, wadda nake kira Injiniyar Yatsu. Ta duba bonet ɗin, ta dube ni.
"Baba, da me ka yi wannan? Da gatari?"
Na ce wanda ya bar makaranta da wuri irina, gaggawa gadonsa ce.
Ta ce za ta buɗe fentin gefen dama da hannu har a ga launin asali, amma in aka ci kofi ita za ta tuƙa a faretin ranar 'yancin kai, 4 ga Yuli. Na ce to. Me zai hana? Wa ya taɓa jin mai fentin farce ta ci kofin soja?

Asabar, 11 ga Mayu
Ta zo da ɗan abin goge farcenta da kofin ruwa. Shafi ɗaya take cirewa, ta jiƙa, ta tsaya kallo. An hana ni taɓawa. Aikina riƙe fitila.

Asabar, 18 ga Mayu
Ya fito! Kore mai duhu, ya ɗan karkata wajen ruwan ƙasa, babu sheƙi ko kaɗan. Muka kwance ɗan ƙarfen gindin madubi, inda rana ba ta taɓa leƙawa ba, fentin wurin iri ɗaya sak. A kan koren kuma ga lambar motar. Ba fara ba ce. Shuɗiya ce mai toka-toka, da ƙyar ake ganinta.
Na yi rawa. Gwiwata ta ba ni amsa.

Laraba, 5 ga Yuni
Gwangwanin fenti nawa muka haɗa don kwaikwayon launin nan, Corinne tana cewa "a'a". A ido na duk kore ne.

Asabar, 15 ga Yuni
An gama feshi. Mun bar wurin da ta buɗe, faɗin tafin hannu, ba mu rufe ba. Delbert ya zo karɓar injinsa, ya ga shuɗiyar lamba, ya riƙe ciki don dariya.
"Orval, tsoho, gyaran farce ka kai ta? Kowa fara yake sawa! Lambar tawa jif ɗin ma fara ce."
Na ce, "Gashinka ma fari ne, ba haka ka fito daga masana'anta ba."

Asabar, 22 ga Yuni
KOFI!
Alƙalin gasar ya daɗe durƙushe gaban tafin hannun nan. Ya ce lambar masana'anta ke nan, farar sai daga baya sojoji suka riƙa shafawa. "Wa ya buɗe wannan? Bai ji wa fentin soja ciwo ba ko kaɗan."
Na buɗe baki in ce ni. Sai ga Verna tana kallona ta saman tabarau. Na nuna Corinne.
Delbert ya zo na uku. Ya saya mini tsiran alade, yana gunaguni yana tambayar ko yarinyar tana zuwa gida-gida.
Verna ta ce gareji nawa ne. Har ta goge kofin da gefen rigarta, ta ɗauka ban gani ba.

Laraba, 3 ga Yuli
Gobe fareti. Tun da na sayi motar nan babu mahaluƙin da ya zauna bayan sitiyarinta sai ni. Na gwada cewa kulocin yana da taurin kai. Corinne ta ce, "Na saba, Baba, a gidanka na tashi."
Ɗazu na zauna kujerar gefe don gwaji. Babu abin riƙewa, babu ƙofa. Amma daga nan ana ganin lambar sosai.
Na daina ce mata Injiniyar Yatsu. Mantuwa ce kawai.
Na cika wa motarmu mai. Motata, nake nufi. Bar shi, alƙalamin ba ya goguwa.
Da safe zan biya bashin alkawari. Allah ya sa ta san inda birki yake.