Yadda Motar Kakanka Ta Yi Yaji a Alice Springs

Broken Hill,
21 ga Satumba.

Zuwa ga jikana Darcy,

Kafin gaisuwa riƙe wannan, tunda an ce kai ne mai digiri a zuriyarmu. Bai kai ɗan yatsana tsawo ba, ba shi da baki, ba shi da ido, ya shekara shida a cikin duhu ba wanda ya waiwaye shi, amma ya durƙusar da ƙato mai shekara saba'in da huɗu a gaban mutum fiye da dubu. Mene ne? Kada ka leƙa ƙarshen takarda, na san halinka tun kana satar kek a firijina kana ɗora wa kare.

To, yanzu gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da matarka Ingrid da 'yar jaririyarku, kuma sanyin Norway bai ƙarasa cinye 'yan kunnuwan nan naka ba. Allah ya ƙara muku lafiya, ya raya yarinya, ya sa ta ɗauko hancin uwarta. Mu nan kowa ƙalau. Uwarka Raelene ta daina shan taba, in ji ta, sai dai kullum na je gidanta sai na tarar da ita a bayan tankin ruwa tana duba lafiyar tankin. Gwiwata ta hagu tana nan tana yi mini tsiya, amma ta kai ni inda nake so ta dawo da ni, kuma labarin da zan ba ka ke nan.

Ka tuna a-kori-kurar kakanka Clarrie, Allah ya ji ƙansa, wadda ya tsinto a wata gonar tumaki kaji suna ƙwai a cikinta? Shekara goma sha ɗaya ya yi yana haɗa ta, noti bayan noti. Ni na riƙe masa tocila, ni na wanke rigunan baƙin mai, har zoben aurena ya taɓa faɗawa cikin injin. Da ya rasu, yau shekara shida, ba ni da rumfar ajiye ta, sai na ba ƙaninsa Lyall makulli na ce ya kula da ita. Ya kula kuwa, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya kankare koren fentin ya yi mata ja, ya goge ƙarafunta har kana ganin haƙoranka a ciki. Amma bai taɓa kwance noti ɗaya a injin ba, ko kujerar bai ɗaga ba, wai fatar asali ce kada ta yage.

Bana sai ya ce zai kai ta bikin motoci na Alice Springs, rukunin waɗanda suka haɗa motarsu da hannunsu suka kuma tuƙo ta da ƙafarta, ba a ɗauko ta a tirela ba. Ya ce in zo in raka shi, na ce to. Abokinsa Merv Tregonning, tsohon mahaucin nan mai dariya kamar jaki, da matarsa Dulcie za su bi mu a baya a motarsu mai sanyi, da tayoyin ko-ta-kwana da akwatin ƙanƙara. Ranar tafiya da safe ina saka jakata a bayan kujera sai na ga allon da ake jinginawa a gaban mota a wurin biki. An rubuta da ruwan zinare: wanda ya haɗa ta da hannunsa, Lyall Pascoe, aikin shekara goma sha ɗaya. Darcy, har shekarun ya sace. Na tambaye shi ina sunan yayansa. Ya yi dariya ya ce haba Noelene, Pascoe ai Pascoe ne, kuma matattu ba sa karanta allo. Na yi murmushi na ce gaskiyarka, ƙanin miji. Na shiga na zauna a kujerar hagu, ta fasinja, inda na saba zama.

Ranar farko lafiya muka fara. A shingen da ake ƙwace 'ya'yan itace don hana yaɗa ƙwarin gona Dulcie ta ƙi zubar da lemunta, ta sa muka tsaya a bakin titi muka shanye goma sha huɗu, Merv yana cewa da ya san haka aure yake da ya auri akuya. A gidan man Peterborough wasu direbobin manyan motoci suka kewaye mu suna shafa ja, Lyall ya tura hula baya ya ce musu shi ya haɗa ta tun daga ƙusa har rufi. Ba mu yi minti biyu da barin wurin ba mota ta yi tari, ta yi atishawa, ta mutu. Ya buɗe bonet ya tsaya yana kallon injin kamar an ba shi takardar likita ya karanta. Ƙudaje suka rufe masa baya. Merv ya kira mu ta oba-oba, rediyon mota, daga cikin sanyinsa, yana tambaya ko babban injiniya ya manta da injin a gida ne. Minti arba'in Lyall yana taɓa wayoyi yana zagi, ni kuwa ina zaune ina shan shayi. Da na ga wuyansa ya yi ja kamar motar, na ce ya sake gwadawa mana. Ta tashi. Na ce ƙila wata magana ta ji ba ta yi mata daɗi ba.

Rana ta biyu, daga Port Augusta zuwa Coober Pedy, sau biyu ta sake yi, kuma a inda babu ko inuwar sanda. Dulcie ce ta fara lura. Ta ja ni gefe idonta waje, ta ce Noelene, kin ga ba ta mutuwa sai ya ce shi ya haɗa ta? Ta ce wannan ba aikin inji ba ne, Clarrie ne. Na ce ni ban san komai a harkar mota ba. Merv da ya ji, sai ya samu abin wasa. Duk inda muka tsaya sai ya kamo baƙo ya ce don Allah malam tambayi wancan dattijon wa ya haɗa motar nan. Lyall kuma bakinsa ba ya iya riƙe amsa. Sai mu tashi, sai ta mutu, sai Merv ya bi ta gefenmu a hankali yana ɗaga masa gwangwanin lemo mai raɓa.

Da yamma a Coober Pedy, kafin a kawo abinci, Lyall ya zauna kusa da ni ya yi ƙasa da murya. Ya ce likita ya duba idonsa, daga Disamba za a karɓe lasisinsa, wannan ce tafiyarsa ta ƙarshe a bayan sitiyari. Ya ce tun suna yara Clarrie ne mai hannu, Clarrie ne ake kira in famfo ya lalace, shi kuwa miƙo sufana ne aikinsa, kuma bai taɓa jin an kira sunansa a lasifika ba ko sau ɗaya. Ba zan ɓoye maka ba, na ji tausayinsa, har tsawon kofin shayi guda. Na ce allon yana da faɗi, ya sa suna biyu, na yayansa a sama nasa a ƙasa, magana ta ƙare. Ya ce zai yi tunani. Da safe ina fitowa daga bayi a gidan mai sai na ji tunanin da ya yi. Yana gaya wa wani direba wai yayansa tarkace ya bar masa, wai Clarrie mutumin kirki ne amma bai taɓa gama abin da ya fara ba. Ranar nan, kilomita kusan ɗari bakwai, mota ba ta yi tari ko ɗaya ba. Lyall har waƙa yake, yana kiran Dulcie ta oba-oba yana cewa ina fatalwar taki, ta gaji ne? Ni dai na ɗora hannuwana biyu a cinya kamar ina coci.

Ranar Asabar da rana aka kira rukuninmu. Hayaƙin tayoyin masu wasan mota da suka riga mu bai gama washewa ba, benayen 'yan kallo cike, kowa da hula da gwangwani a hannu. Kowace mota za ta zaga fili sau ɗaya ta tsaya gaban alƙalai. Muna shiga mai lasifika ya karanta allon, ya kira Lyall Pascoe na Broken Hill, shekara goma sha ɗaya da hannunsa. Lyall ya fitar da hula ta taga yana kaɗawa. Na bar shi ya ji daɗinsa, don ni ba muguwa ba ce. Muna isowa daidai tsakiyar babban bene ta yi tari, ta yi atishawa, ta mutu.

Ka san mutanenmu. Aka fara tafi a hankali, tafin raini. Wani ya yi ihu a kawo raƙumi ya ja ta. Dokar rukunin ita ce in mota ta mutu, wanda ya haɗa ta yana da minti goma ya tayar da ita, ba mai sa masa hannu. Lyall ya fita ya buɗe bonet, ya dafa ƙarfe mai zafi, fatar tafinsa ta tashi. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, tabaraunsa ya faɗi cikin ƙasa, ya shiga lalube, gwiwa kuma ta ƙi ɗaga shi. Merv, abokinsa na shekara hamsin, yana rataye a shingen waya yana ihu wai ƙara mata fenti, Lyall, ƙila shafa ɗaya ta rage. Wata alƙaliya mai zane a damtse ta sunkuya ta tambaye shi cikin ladabi a ina ya ɗaura famfon fetur, ko matsalar daga can take. Ya nuna gaba. Famfon yana baya, kusa da tanki, kuma lasifikar tana kusa da bakinta lokacin da ta faɗi haka.

Da minti goma suka cika na gyara zama, na ja jiki zuwa kujerar direba, na leƙo na ce ko za a bar tsohuwa ta gwada. Aka yi dariya aka ce bisimilla, Kaka. Na bubbuga gaban motar na ce da ƙarfi, ya isa haka Clarrie, mutane na kallo. Na ja numfashi uku, na murɗa makulli. Darcy, ta yi rurin da sai da benen ya girgiza. Dulcie ta zauna a ƙasa. Mai lasifika ya rugo ya ce wane ne Clarrie? Na gaya musu duka, da kajin, da tocilar, da zoben. Ya ce to wannan dattijon fa? Na ce ƙanin mijina ne, gwanin fenti ne ƙwarai, duk mai katangar da ta koɗe ya same shi bayan biki. Sai filin ya ɗauka, mai fenti, mai fenti, har da buga ƙafa. Lyall yana durƙushe ya roƙi alƙalami. Ya soke sunansa a allon, ya rubuta na yayansa da hannun da ya ƙone, hawaye na zuba, rubutun ya karkace ya gangara ƙasa don ba ya ganin layi. Na ce masa Clarrie da r biyu ne, ya gyara.

Kofin gasar dai wata mata daga Katherine ta ɗauka, ni ba kofi ya kai ni ba. A dawowa Lyall ya ƙi ko taɓa ƙofar motar. Ya kwanta a bayan motar Dulcie kwana uku, ni da Merv muka yi ta karɓa-karɓar tuƙi, ba ta yi tari ko sau ɗaya ba. Yanzu kullum da safe yana maƙabarta yana ba yayansa haƙuri. Ya rame, wandonsa sai da igiya. Yaran unguwa ma sun samu sunan, ban san wa ya gaya musu ba. Uwarka ta ce in je in kwantar masa da hankali, na dafa miya na kai masa, na zauna na ce na yi mafarkin Clarrie, kuma har yanzu fuskarsa a murtuke take. Bai sha miyar ba. Washegari ya aiko da makulli a ambulan. Motar tana bayan gidana a ƙarƙashin tamfol, allon yana kan kujera, kuma taka ce ranar da ka gaji da cin kifi ka dawo gida. Jan fentin kam ka bar shi, ya yi kyau.

Ka gaida Ingrid, ka ce na gode da safar ulu, ɗaya ta fi ɗaya tsawo amma ƙafafuna ma haka suke. Ka sumbaci 'yar jaririya, ka gaida surukanka. Uwarka tana gaishe ka, da Dulcie, da Merv wanda ya ce in tambaye ka ko har yanzu kana tsoron tsaka. Abin da ke ƙasa kuma tsakanina da kai ne. In uwarka ta ji, zan ce ƙarya kake, kuma ni za a yarda da ita.

Kakarka da ta fi ka wayo,
Noelene

Amsar kacici-kacicin: makunni ne, ɗan baƙi, a ƙarƙashin kujerar hagu, daidai inda hannu yake kaiwa in mutum ya yi kamar yana sosa ƙafa. Kakanka ya sa shi saboda ɓarayi. Yana yanke wutar famfon fetur, mota ta yi tafiyar minti ɗaya ko biyu da ragowar man da ke cikin injin, sannan ta mutu. Mutum biyu ne suka san da shi. Ɗaya yana maƙabarta, ɗayar kuma a kansa ta zauna tun daga Broken Hill har Alice Springs.