Ƙullin Magani Marar Suna da Kumatun Inna

Zuwa ga Alhaji, Shugaban masu shagunan magani na kasuwarmu, Gwaram.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali da 'yan ƙungiya. Na rubuto a fili ne saboda sau biyu ina zuwa shagonka ana ce mini ka fita. Na yarda ka fita.

Maganar mahaifiyata ce, Inna, da ke zaune a wani ƙauye wajen Farin Dutse.

1. Gwiwarta ta dama ta daɗe tana ciwo. Takan kumbura ta yi zafi, har salla sai a zaune. Likita a Birnin Kudu ya ce guringuntsin ne ya zaizaye, kuma duk sanda cikin gaɓar ya kumbura sai ciwon ya tsananta. Ya ce abin da ya zaizaye ba ya dawowa, sai lallaɓawa da motsa ƙafa da magani bisa ƙa'ida. Inna ta ce yaro ne, bai san ciwo ba.

2. Bayan babbar salla, wani mai shago a layinku ya fara ba ta ƙulli a leda, ƙwaya huɗu, kala uku, ba kwali ba suna. Haɗi yake kiransa. Kwana uku kumburin ya sace, ciwon ya tafi. Inna ta kai goshinta ƙasa ta yi sujada, ta yi hawaye. Ni ma na yi murna, ba zan ɓoye ba.

3. Daga nan kumatunta suka cika. Matan gari suka riƙa shigowa barka, wai ta murmure, ta yi ƙiba, 'ya'ya na kula da ita. Har ni aka sa wa albarka. Da na zo hutu sai na ga fuska da ciki ne kawai suka cika, ƙafafu kuwa sun sirance. Ga ƙishirwa, ga wani ɗan ƙurji a ƙafa da ya ƙi warkewa. A asibiti aka sami sukarinta da jininta duk sun hau. Likitan yana zargin akwai maganin kashe kumburi mai ƙarfi a cikin haɗin, irin wanda ba a sha kullum, ba a kuma dainawa rana ɗaya. Gwiwar tana nan yadda take, baki kawai aka rufe mata.

4. Na tambayi mai shagon sunan ƙwayoyin, ya ce sirrin sana'a ne. Ya nuna mini takardar ƙungiyarku a bango, da sa hannunka. Ina kallon takardar, idona na kan kwalayen da ke ƙarƙashin tebur, duk an yage sunayensu. Ban taɓa ganin wanda ya yage sunan abin da yake alfahari da shi ba.

Ban ce ka sani ba, Alhaji. Sai dai shago uku ne tsakaninku, kuma ranar kasuwa tsofaffi masu sanda suna layi a ƙofarsa, da yawansu da kumatu irin na Inna. Ni da na zo yini ɗaya na gani.

Roƙona: ka sa shi ya rubuto sunan kowace ƙwaya in kai wa likita, don yana son raba ta da maganin a hankali, kuma ba ya son yin haka da ka, ba tare da ya san abin da take sha ba. Ku hana sayar da ƙullin da ba suna. Ku kuma sa a yi shela a kasuwa cewa wannan ƙibar ba ta lafiya ba ce.

Jiya na tsinci ƙulli biyu a ɗaure a gefen zaninta. Ta ce in bar ta, ita dai sujadarta take so. Na ji tsoron ƙwacewa, tunda ba a dainawa rana ɗaya.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare maka gwiwoyinka. In kuwa tsufa ya taɓa su, Allah ya haɗa ka da maganin da ke da suna.

Wassalam.

Hajara, 'yar Inna,
malamar makaranta, Birnin Kudu.