Ranar da Baba Ya Ɗanɗana Kokonsa

Ipinda, Kyela
9 ga Yuli

Zuwa ga Yayana Lusekelo,

Ina miƙo maka gaisuwa mai yawa, irin ta ƙanwar da ta shekara uku ba ta sa yayanta a ido ba. Ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Subilaga da yara. Yaya sanyin Durban, yaya kuma aikin tashar jiragen ruwa? Allah ya tsare ka, ya sa albarka a guminka. Mu nan lafiya lau. An gama girbin shinkafa, ta yi kyau bana, ƙafar Mama kuma ta yi sauƙi har tana zuwa coci ba sanda.

Yaya, dalilin rubutun nan shi ne maganar gonar kokon da Baba ya ce ka nemo mai saye. Ina roƙonka ka dakata, ka fara jin abin da ya faru. Ka san tun zazzaɓin da ya kwantar da shi a watan Maris bai koma daidai ba. Abinci sai loma biyu ya ture kwano. Ya daina leƙa gona, har ciyawa ta fara cin gindin itatuwan. Da na yi masa magana, sai ya ce shekara arba'in da ɗaya yana noma abin da bai san amfaninsa ba, mota ta zo ta kwashe, shi ke nan. Ya ce mai ayaba yana cin ayabarsa, mai shinkafa yana cin shinkafarsa, shi kuwa ya ƙare rayuwarsa a bautar ƙwaya mai ɗaci da ko akuya ba ta so. Mama ta ce ai ita ta daɗe da jin cewa man goge takalmi ake yi da ita a can ƙetare. Bai ko yi murmushi ba.

Ana cikin haka na je Mbeya bikin wata malamar makarantarmu. Aka kawo wani kek baƙi wuluk, mai danƙo, an lulluɓe shi da cakulan. Na ci, ya yi mini daɗi ƙwarai. Na nemi matar da ta yi shi, wata dattijuwa mai suna Bi Zuhura, na tambaye ta da me ake yin cakulan ɗin, na kuma ce mata ni 'yar manomin koko ce. Ta dafa kafaɗata ta ce, “'Yar nan, kina zaune a kan abin kina tambayata?” Ta zaunar da ni ta bayyana mini komai tun daga ƙwaya, ni kuwa ina rubutawa a bayan katin gayyata.

Da na dawo ban gaya wa Baba ba. Na tsinko 'ya'yan da suka nuna daga tsohuwar itaciyar nan ta bakin rafi, na fasa, na rufe ƙwayar da ganyen ayaba kwana shida, na shanya ta mako guda. Wannan duk mun saba da shi tun muna yara. Abin da ban taɓa gani ba ya fara ne da na zuba ta a kasko. Yaya, da zafi ya ratsa ta, wani ƙamshi ya tashi wanda ban san da me zan kwatanta maka shi ba. Ƙwayar nan da muke takawa a tsakar gida, wadda tsaminta ke kama mana riga, ashe abin da ke cikinta ke nan. Na tsaya da muciya a hannu, har na kusa ƙona ta. Mama ta fito daga ɗaki tana shinshina, tana tambayar wane baƙo ne ya shigo da turare.

Muka murje ɓawon, muka sheƙe a faifai, muka zuba a turmi. Muna daka Mama tana mita, wai da tsufanta na sa ta dakan man takalmi. Da farko gari ne kawai. Can sai garin ya fara jiƙewa da kansa, ba ruwa ba mai, ya koma laushi yana ƙyalli yana bin taɓarya. Mama ta daina mita. Ta leƙa turmin ta daɗe, sannan ta ce a hankali, Allah mai iko.

Na narkar da rabinsa da man shanu, na kaɗa ƙwai huɗu da sukari, na zuba fulawa da madara da ɗan bekin foda. Tunda ba mu da tanderu, na zuba yashi a babbar tukunya, na ɗora ƙaramar a ciki, na rufe, na jera garwashi a kan murfin. Na tsaya a kansa ban gusa ba, don Bi Zuhura ta gargaɗe ni cewa in ya wuce lokaci kaɗan danƙon ya tafi. Da na soka tsinke ya fito da ɗan laima, na sauke. Gefe guda ya ɗan ƙone, tsakiyar kuma ta lotsa. Na dafa sauran kokon da madara da sukari har ya yi kauri, na kwarara a kai, ya gangaro ya rufe duk aibin.

Baba yana zaune a gindin mangwaro da bargo a kafaɗa. Na kai masa yanka guda. Ya ce ba ya jin yunwa. Mama ta ce, “Tsoho, ci mana, in guba ce ai tare muka daka.” Ya gutsura kaɗan don a ƙyale shi. Yaya, da ma kana nan. Ya daina tauna, ya rufe ido har na tsorata. Da ya buɗe sai ya tambaye ni daga wane kanti na sayo. Na ce daga itaciyar bakin rafi ne, wadda ya dasa shekarar da aka haife ka. Ya dubi abin da ke hannunsa, ya dubi wajen gona, ya sake tambayata ko da gaske nake. Sai na ga hawaye yana bin gemunsa. Ya cinye yankan tas, ya lashe yatsa, ya miƙo faranti a ƙara masa. Rabon da in ga ya nemi ƙari tun kafin Ista.

Bai bar mu mun taɓa sauran ba. Washegari da safe ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya ɗauki kek ɗin a faranti da 'yar wuƙarsa ta fasa koko, ya bi gidajen tsofaffin da suka fara dashe tare da shi. Na bi shi a baya don kada ya faɗi. Kowannensu Baba ya yanka masa ɗan mitsitsi, ya tsaya yana kallon fuskarsa, sai mutumin ya haɗiye sannan ya gaya masa mene ne. Tsoho Mwakibinga, wanda idonsa ya tafi bara, ya riƙe nasa a baki ya ƙi haɗiyewa. Daga baya ya kamo hannun Baba, ya kira shi da sunansa, ya ce, “Ambokile, ashe mu ne muke yi wa duniya wannan?” Gida tara muka shiga kafin farantin ya ƙare.

Yau kwana goma ke nan. Kullum da sassafe yana gona da adda, yana faɗa da ni a kan na bar ciyawa ta yi yawa. Ya ce in gaya maka ka sallami duk wanda ka yi wa maganar saye, ka ba shi haƙuri. Ya kuma ce daga bana buhu ɗaya ba zai hau mota ba, na gida ne, kuma ka zo da yaran a Kirsimeti su ci abin da kakansu ya noma.

Ka gaishe mini da Subilaga da kyau, da Gwakisa, da ƙaramar Tumpale da ban taɓa ɗauka ba. Baba da Mama suna sa muku albarka. Kawu Ulimboka da iyalinsa suna gaisuwa. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Tusajigwe