Garmar Ɗalibaina a Hannun Baba

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Yaya Binta da yara. Ya aiki, ya zaman Fatakwal? Mu nan Kiyako lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Makon jiya na zo gida da garmar shanu da ɗalibaina na injiniyanci suka zana a kwamfuta, inji ya yanka musu. Wata uku ina koya musu aikin, har na ba su maki mai kyau. Na kai wa Baba ita maƙerarsa ina taƙama. Ya jujjuya ta, ya ce, "Ta yi kyau, amma wanda ya zana ta bai taɓa bin shanu ba."

Muka gwada a gonar Kawu, ta ƙi kama ƙasa. Na ji kunya, Yaya, don ni na duba zanen ban ga kuskuren ba. Baba ya sa ta a wuta ya ɗan lanƙwasa bakinta, sai ga huɗa tana tashi.

Na roƙe shi ya zo ajina ya yi musu bayani. Ya ce sai bayan girbi.

Ka sa mu a addu'a, ka gaishe da mutanen gida.

Ƙaninka,
Habu