Man Kaɗen da Kika Ƙi Shafawa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Alheri, a makwancinki na Yendi.

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ɗa ga uwa, ina fata ƙasa ta yi miki sauƙi. Daga Bawku nake rubuto miki, inda na tare tun da gwamnati ta sallame ni daga koyarwa ba ko na gode. Na san ba ki iya karatu ba. Waɗanda suka iya su karanta, su san irin ɗan da kika haifa.

Kina da tattaɓa-kunne, Azumi, 'yar babban ɗana. Ni na kafe sai an sa ta boko, duk zango suna zagina. Kwanan baya ta zo da sabon littafin karatunsu na Turanci, wanda aka yi wa yara don su san ƙabilun ƙasar nan. Ga Badagombe da gangarsa, ga Bakusase da fartanya, ga Bamoshe da jakinsa, kowa an zana shi yana dariya. Mu Hausawa an ba mu rawani da goro.

A tsakiya akwai shafin garin Salaga, Inna. An zana rijiya, da mata a jere, jikinsu sai sheƙi yake yi. Azumi ta ce in fassara mata abin da ke ƙarƙashi. Na fassara. Wai a dā iyayengiji suna kula da bayinsu, a yi musu wanka, a shafe su da mai, kafin Bature ya zo ya hana cinikin. Ban kuskure ko kalma ɗaya ba. Turancina bai taɓa ba ni kunya ba. Ta yi dariya, ta ce ashe bayi sun more, mu da kuɗinmu muke sayen man kaɗe. Ni ma na yi dariyar, Inna. Na ji ta da kunnena tana fita daga bakina.

Na tuna ɗakinki a Yendi. Duk matan gidan Baba suna da kaskon man kaɗe, ban da ke. Ƙafarki ta yi kaushi har ta tsage, ki shafa man gyaɗa, ko ki bar ta haka. In an tambaye ki sai ki ce, "An taɓa shafa mini wanda ya ishe ni."

Sau ɗaya kika faɗa mini dalili, kina tsince wake, ba ki ko dube ni ba. An kamo ku daga ƙasar Gurunsi kina yarinya. A bakin rijiyoyin Salaga aka cuɗe ku da soso, aka mulke ku da man kaɗe don fata ta yi kyau a idon mai saye, kamar yadda ake wanke rago ran kasuwa. Baba yana fataucin goro a lokacin. Ya duba haƙoranki, ya biya. Shi ya sa miki Alheri.

Na yi makaranta, na sa kwat, na tsaya gaban allo har gashina ya yi fari. Na koya wa yara sunayen kogunan Ingila. In an tambayi asalina sai in ja salsalar Baba har Katsina, in yi shiru a nan. 'Ya'yana sun tashi da rabin zance, nasu 'ya'yan ko rabin ba su samu ba. Masu littafin baƙi ne, ƙila iyakar saninsu ke nan. Ni fa?

Jiya da hantsi Azumi ta shigo da man kaɗe a ganye za ta shafa mini a dunduniya, don ƙafarki na gada. Na riƙe hannunta. Na ce ta ɗauko littafin, na ɗora yatsa a kan matan nan, na gaya mata duka, har da haƙoran. Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta tambaye ni sunanki na gaskiya, wanda uwarki ta sa miki.

Ba ni da shi, Inna. Ban taɓa tambayarki ba.

Abin da ya rage mini sai 'yar waƙar nan ta tsakiyar tatsuniyarki, ta yarinya da kada, wadda kike rerawa da harshenku in kin ga matan gidan sun yi nisa. Ban san ma'anarta ba. Na rera mata yadda na iya. Ga ta can tsakar gida tana maimaitawa, na kuma tabbata da kuskure a ciki. Ni da na ƙare rayuwata ina gyara bakin yara, ban san inda zan gyara ba.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya sada ki da uwar da aka raba ku. Ya kira ki da sunan da ita ta kira ki.

Ɗanki, mai kunyar haɗuwa da ke,
Haruna