Kwaɗo Mai Tabarau

Tokyo, 9 ga Afrilu, 1985

Zuwa ga Fumie,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Babanki da ciwon gwiwarsa. Ina fata sanyin Osaka ya sassauta.

Sau huɗu ina fara wasiƙar nan ina yagawa. Na san kin ga mujallar da aka yi hira da ni, inda na ce ni na zana wurin da jirgin ƙarfe ke tarwatsewa ya zama furanni, a ɗan fim ɗinmu na taron masoya zane. Ke kika zana shi. Wata biyu kina duƙe a saman shagon awarar Baba, kina zane a kan takardun roba, kina huda su da abin huda takardar ofis, ni kuwa ina cin awarar da ta karye ina ba da umarni. Yanzu ana ce mini shugaban kamfani, sai bakina ya fi ni girma.

To, asirina ya tonu ranar Lahadi, a wani taron masoya zane. Kin san mutanenmu, mu ma haka muke, a sa kaset a bidiyo a riƙa tsayar da shi hoto bayan hoto. A gaban mutum ɗari uku wata mai sayar da mujallun da masoya ke haɗawa da hannu ta miƙe ta kira sunana ta ce, "Kajiwara-san, kwaɗon nan mai tabarau da ka ɓoye cikin furannin, wane ne?"

Na ce, "Wane kwaɗo?"

Wani daga baya ya ce, "Kai, malam ya manta da ɗansa!" Aka kwashe da dariya. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da na koma ofis na nemo shi. Hoto ɗaya tak, ƙiftawar ido. Tabarauna ne, har da zaren da na ɗaure ƙafarsa da shi, ga awara a bakinsa. Shekara huɗu ina zaune cikin aikinki ban sani ba, saboda ban taɓa tsayawa na dube shi da kyau ba. Wannan ya fi ƙaryar ba ni kunya.

Na rubuta wa mujallar gaskiya. Na kuma aske kaina ƙwal don nuna nadama, ma'aikata sai sunkuyar da kai suke suna danne dariya. A watan gobe za mu fara babban fim ɗinmu na farko, na ajiye tebur kusa da taga. Ba ni da bakin cewa ki zo. Amma ki yafe mini.

Ki gaida Baba.

Abokinki,
Noboru

Tokyo, 2 ga Mayu, 1985

Fumie,

Ina gaisuwa. Ambulan ɗinki ya iso yau da hantsi. Na zazzage shi har sau biyu ina neman wasiƙa, babu, sai takardar zane guda.

Haba, Fumie! Kan nawa bai kai haka girma ba. Kwaɗon ya durƙusa, goshi a ƙasa, sanƙonsa na ƙyalli, har Oguri mai ɗaukar hoto ya ce a manna shi a ƙofar shiga. Na manna.

Ba ki ce kin yafe ba, ba ki ce za ki zo ba, ni ma ba zan matsa ba. Teburin yana nan, kullum ina goge shi da kaina. Amma na ga abin da ke ƙasan zanen, ba sai da wani ya nuna mini ba. Wannan karon kin sa hannu, Tsujimoto Fumie, da baƙaƙen da suka fi kwaɗon girma.

Naki,
Noboru